Sankarar mafitsara da garkuwar jiki: shawarwarin zamanmu na unguwar Nima a Accra

Ranar Lahadi bayan la'asar muka zauna da wata ma'aikaciyar jinya, kuma maganar BCG, wani maganin sankarar mafitsara, ce ta cinye zaman. Ƙwayar rigakafin tarin fuka ce ake zurawa cikin mafitsara ta siririyar roba, sau ɗaya a mako har mako 6. Aikinta ta tayar da garkuwar jiki ta far wa cutar, shi ya sa ba a cika ba mai raunin garkuwa ba. Zafin fitsari da ɗan zazzaɓi mara tsanani na kwana biyu bayan an zura ta ba abin tsoro ba ne. In ya zarce, a nufi asibitin Korle Bu, ban da jiƙe-jiƙe. Wani dattijo ya tambayi batun sigari, ta ce, "Baba, a bar ta kawai."