Wai me za mu kira open data portal da Hausa?

1/ Jama'a ku matso mu yi shawara, tun shekaranjiya wata kalma ta tsaya min a wuya a wani rubutu da nake yi: open data portal. Wato shafin nan da gwamnati ke zuba abubuwan da ma'aikatunta suka tattara, kasafin kuɗi, kwangiloli, yawan makarantu da asibitoci, ruwan saman da aka yi a shekara, don duk mai so ya ɗauka ya yi aikin gabansa. Na rubuta na goge ya fi sau biyar.

2/ Rigimar farko ita kanta kalmar data. A bakinmu yanzu data ai ita ce wadda ake sakawa a waya ta ƙare ana tsakiyar kallon bidiyo. Ka ce "buɗaɗɗiyar data" wallahi rabin mutane za su ɗauka garaɓasa ce kamfanin layi ya saki, su fara tambayarka lambar da za a danna. Wannan na jefar tun da wuri.

3/ Saura bayanai da alƙaluma. Alƙaluma ta min daɗi amma ta yi kaɗan, don ba komai ne lamba ba, akwai taswira, akwai jerin sunayen tituna, akwai inda kowace rijiyar burtsatse take. Bayanai kuma matsalarta tana kama da jawabi, irin kakakin ma'aikata ya fito ya yi bayani a tafa a watse, alhali shi mai zuwa wannan shafin ba bayani yake nema ba, ɗanyen abin yake so ya yi nasa lissafin. Duk da haka na ɗauki bayanai, tunda ita kunne ya saba da ita.

4/ Wani cikin masu sharhi ya ce a bar shi fotal kawai tunda kowa ya san fotal. To malam, fotal ɗin da aka sani shi ne na neman aiki da na rijistar makaranta, inda kai ne kake ba su bayananka, ka ɗora hoto ka cike fom ka jira. Wannan kuwa akasinsa ne, su ne za su ba ka.

5/ Kafin mu raɗa suna ya kamata mu san jaririn. Amurka ta buɗe data.gov a watan Mayun 2009 da tarin bayanai 47 kacal, Birtaniya ta biyo da data.gov.uk a farkon 2010, Kenya ta buɗe nata a 2011, shekarar da ƙasashe takwas suka kafa ƙawancen nan na OGP kan gudanar da mulki a fili. Daga nan abin ya zama yayi, kowace gwamnati na son a ce tana da shi.

6/ Amma tambayi masu amfani da shi, 'yan jarida, masu bincike, ɗalibai, masu haɗa manhaja, za ka ji kukansu kusan ɗaya ne a ko'ina. Ka shiga ka rubuta abin da kake nema a akwatin bincike ya ce babu, alhali yana nan an sa masa wani sunan ofis da sai wanda ya loda shi ya sani. Ka samu da ƙyar ka danna, mahaɗin ya mutu. Ko ya buɗe ka tarar takarda ce aka ɗauki hotonta aka mayar PDF, a karkace ma, shafi ɗari biyu na lambobi sai dai ka zauna ka sake bugawa ɗaya bayan ɗaya da hannunka, kuma na shekara huɗu da suka wuce ne, babu kwanan wata, babu wanda ya ce kuɗin nan a dubbai aka rubuta ko a miliyoyi, babu adireshin da za ka tura tambaya a amsa maka. Wani shafin ma sai ka yi rijista ka faɗi dalilinka tukuna. Rijiya ta bayar guga ya hana kenan.

7/ Tim Berners-Lee, mutumin da ya ƙirƙiro yanar gizo, ya kawo ma'aunin taurari biyar a 2010. Tauraro ɗaya: ka sa abin a intanet da izinin kowa ya yi amfani da shi. Biyu: ya zama kwamfuta na iya karanta shi, kamar Excel maimakon hoton jadawali. Uku: kada ya zama sai da manhajar wani kamfani zai buɗu, misali CSV, wato jadawali a rubutu zalla da manhajoji iri-iri ke iya buɗewa. Sauran biyun na ƙwararru ne masu ƙulla wannan bayani da wancan. Ni dai a ganina yawancin mutane a ba su uku ɗin nan, a riƙa sabuntawa a kan lokaci, sun gode.

8/ Shi ya sa nake cewa sunan da za mu zaɓa dole ya ɗauki ma'anar ƊIBA, ba leƙe ba. Open ɗin nan ba wai a buɗe taga ka hango ba ne, nufinsa ka ɗauka, ka juya, ka haɗa da wani, ka raba wa wasu, ko kasuwanci ka yi da shi ba wanda zai tare ka, iyaka a ce ka faɗi inda ka samo.

9/ Shawarwarin da suka shigo ya zuwa yanzu. "Zauren bayanai": yana da kyau don zaure mashiga ce, amma a intanet zaure ya riga ya zama wurin hira da musu. "Taskar bayanai": taska ai da kwaɗo aka san ta. "Sakakkun bayanai": sai da na yi dariya, kamar an yi musu saki uku. "Bayanan kowa" ita na so na ɗauka har na fara murna, sai wata baiwar Allah ta ce min tsaya, mai ji zai ɗauka bayanan kowa da kowa ne aka baje, lambar wayarsa da takardun asibitinsa. Gaskiyarta, kuma wannan shi ne ainihin abin da ba a sakawa a irin shafin, sai an cire duk abin da zai nuna wane ne wane.

10/ Ni dai na tsaya a kan rumbu. Dama ana cewa rumbun adana bayanai, kuma rumbu ba don ado ake zuba masa ba, don a ɗiba ne. Kenan open data ya zama "buɗaɗɗun bayanai", shafin kuma "buɗaɗɗen rumbun bayanai na gwamnati", a gajarce buɗaɗɗen rumbu. Na gwada shi a jimla ya zauna: na ɗebo kasafin bara daga buɗaɗɗen rumbu. Ko kuma: rumbun nasu wayam, rabonsu da zuba sabo tun bariya.

11/ Malam mai cewa ya yi tsawo, na ji, amma na Turancin ma kalma uku ne.

12/ Wadda ta rage min ita ce metadata, wato ɗan rubutun da ke rakiyar kowane tari yana faɗin wa ya tattara, yaushe, a ina, da wane ma'auni. Na fara sa "salsalar bayanai" don tana nuna asali da hanyar da abu ya biyo, amma ban gama gamsuwa ba. Masu ilimin harshe ku taimaka, gobe da safe zan miƙa rubutun.