Kukis ɗin ado da ake yankawa: wane haɗi ne ba ya bajewa a gashi?

Maman Biyu, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Saura mako uku walimar saukar Alƙur'ani ta babbar ɗiyata, kuma na ƙudura a raina ni zan yi mata kukis ɗin rabo da hannuna, guda ɗari, masu siffar allo da jinjirin wata da tauraro, a yi musu ado da aisin, wato kwaɓin garin sukari da ake shafawa a kai a yi zane. Sau biyu ina gwadawa. Haɗin da na samo ya ce bota kofi 1, sukari kofi 1 da rabi, ƙwai 2, fulawa kofi 2 da ɗan ɗori, bekin soda cokalin shayi 1. Daɗi kam akwai, yara sun cinye tas. Amma taurarin da na jera da tsininsu sun fito daga obin a baje, sun manne da juna, allon kuma ya kumbura a tsakiya, ba inda za a yi rubutu. Don Allah wadda ta taɓa yi ta faɗa min haɗin da ya zauna mata da abin da ta gani.

Anti Mai Kek, Kaduna

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a karatun. Ƙanwata, hannunki lafiya lau, haɗin ne ba na wannan aiki ba. Iri biyu ne suke amsa suna ɗaya. Akwai wanda ake dunƙulawa a ajiye a tire ya baje da kansa, shi ne mai sukari da yawa da soda, shi kika samo. Akwai kuma na yankawa, wanda fulawarsa ta rinjayi komai.

Ga wanda nake sayarwa da shi: bota giram 225, sukari giram 200, ƙwai 1, fulawa giram 380, gishiri rabin cokalin shayi, filebon banila. Bekin fauda rabin cokalin shayi kawai, wani lokacin ma ba na sawa sam idan siffar mai ƙananan lunguna ce. Soda kuwa ba ta shiga, ita ke sa kwaɓi ya yi faɗi ya yi duhu. Sukari ma narkewa yake a wuta ya zama ruwa, shi ya sa idan ya fi bota nauyi sosai sai kwaɓin ya malale.

Abin da ya daɗe yana ɓata min aiki shi ne bugu. Hannuna ya saba da kek, inda ake buga bota da sukari har su yi fari su tashi. A kukis iskar nan da kika shigar ita ce za ta kumbura a wuta, ta dawo ta saɓe. Minti ɗaya zuwa biyu ya isa, su haɗe kawai. Da kin gama kwaɓi, tun yana da laushi, ki sa shi tsakanin takardar gashi biyu ki murza, kaurin milimita 6, a sa a firij a shimfiɗe har ya yi tauri. Sannan ki yanka, ki mayar da tiren firij na minti 15, ki gasa a zafin digiri 180 na minti 10 zuwa 12. Idan haɗin na Amurka ne kika ga 350, ma'aunin zafinsu daban ne, kusan 180 ɗinmu ne. Kwaɓi ɗaya yana ba ni guda 25 zuwa 30 masu matsakaicin girma, don haka ki shirya wa kwaɓi huɗu.

Uwargidan Alhaji, Sakkwato

Duk abin da Anti ta faɗa haka ne, amma ni zafi ne ya fi wahalar da ni. Masu rubuta waɗannan haɗe-haɗe suna cewa a bar bota ta yi laushi a ɗaki, zafin ɗakinsu kuwa bai wuce digiri 20 ko 22 ba. Bota tana narkewa tun wajen 32 zuwa 35, mu kuma a watan Afrilu muna haura 40. Na taɓa yanka jinjirin wata, kafin in ɗaga shi daga tebur zuwa tire ya miƙe a hannuna yana naso. Yanzu bayan sallar asuba nake aikin. Ina raba kwaɓin gida huɗu, ɗaya a gabana, uku a sanyi. Ranar da aka ɗauke wuta sai in sayi ƙanƙara in zuba a kula, in ɗora tiren a kai da leda a tsakani don kada ruwa ya taɓa. Botar kuma idan na danna ta da yatsa ta lotsa kaɗan, har yanzu da sanyinta, to ta yi. Idan ta fara sheƙi ta wuce.

Maman Sadik, Zariya

Ni fa zan saɓa wa Anti a wuri ɗaya. Botar madara tsada gare ta, kukis ɗari kuma kusan kilo guda za su ci. Da majarin nake yi, mai taurin nan da ake aunawa a shagon kayan kek, kuma ya fi riƙe siffa a zafinmu domin ba ya saurin narkewa. Wanda bai yi min ba shi ne mai laushin da ake shafa wa burodi, ruwa ya yi masa yawa, kwaɓin ya yi ta kama hannu ina ta ƙara fulawa har kukis ɗin suka zama kamar katako.

Anti Mai Kek, Kaduna

Gaskiya ne Maman Sadik, yana riƙe siffa. Sai dai wannan rashin narkewar tasa ita ce ke barin maiƙo a dasashi bayan an ci, kuma ƙamshin madarar babu. Kukis ɗin nan ba su da komai sai bota da sukari, duk abin da kika sa shi harshe zai ji. Idan aljihu ya matsa, rabi da rabi nake yi, kuma ina gaya wa mai oda.

Hadiza 'yar Maraɗi

Ina wuni iyayena. Maman Biyu, wane kofi kika auna da shi? Na tambaya ne domin abin da ya same ni ke nan. Kofin da Amurkawa ke nufi mililita 240 ne, ni kuwa da gwangwanin madara nake awo, wanda bai kai haka ba, sai na sa bota sanda guda cur yadda aka rubuta. Fulawa ta yi kaɗan, mai ya yi yawa. Ko da kofin gaskiya ma, wadda ta zuba fulawa a hankali za ta samu wajen giram 120, wadda ta dumbuza ta danna za ta kai 150. A kofi uku bambancin ya kusa giram 100. Tun da na sayi ƙaramin sikeli na huta. Mu nan haɗin Faransawa muka fi gani, wanda suke kira sable, da giram yake zuwa: fulawa 250, bota 125, sukari 100 zuwa 125, ƙwai 1, babu abin tashi ko kaɗan. Yana da gurus-gurus a baki, gefensa kuma yana fita tsaf. Sukarinmu mai manyan ƙwayoyi ne, ina ɗan markaɗa shi a bilenda kafin in zuba, in ba haka ba sai fuskar ta yi ɗigo-ɗigo.

Malama Ta Jos

Kada a manta da aisin wurin zaɓen haɗi, domin shi zai hau kai. Farin ƙwai ɗaya yana ɗaukar aisin shuga wajen giram 200 zuwa 250, da 'yan ɗigon lemon tsami. Zaƙinsa ba kaɗan ba ne, shi ya sa nake rage sukarin kwaɓi zuwa giram 170, gishiri kuma ba na tsallake shi. Tunda yara ne za su ci, garin farin ƙwai da ake sayarwa a shagon kayan kek ya fi min kwanciyar hankali a kan ɗanye.

Damina ta taɓa sa ni kuka. Na yi na bikin suna a watan Agusta, farar ƙasa da jan rubutu. Na kwanta suna da kyau, na tashi jan ya bi farin ya koma ruwan hoda, ga shi aisin ɗin bai bushe ba, yatsa na taɓawa yana lotsawa. Iska ce ta cika da laima, ni kuma na yi rubutun tun farin bai ƙame ba, da kala ta ruwa. Yanzu kala mai kauri nake amfani da ita, ina ɗibarta da tsinken sakace. Ina zagaye gefe da aisin mai kauri, in cika tsakiya da mai ɗan ruwa, in kunna fanka a kansu, rubutu sai washegari. Da hunturu kuma akasin haka ne, bakin ledar da ake matso aisin da ita ke bushewa kina cikin aiki, sai kin rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Wani abu kuma, da sun fito daga obin da zafinsu, idan kin ga wani ya ɗan yi tudu, ki danna shi a hankali da gindin kofi mai faɗi, zai kwanta.

Inna Mai Gashin Tukunya

Ni ba ni da obin, a tukunya da yashi nake gasawa. Ana yi, amma guda shida ko bakwai a zubi ɗaya, kuma ƙasan ke fara ƙonewa. Ina ɗora tiren a kan gwangwanaye uku don ya rabu da yashin. Guda ɗari a haka wuni ne guda, ɗiyata, ki fara tun da kwana uku.

Maman Biyu, Kano

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Hadiza kin gano ni, da gwangwani na auna. Na ari sikelin maƙwabciyata, yau bayan asuba na yi na Anti, bota da majarin rabi da rabi, ba bekin fauda. Taurari 28 suka fito da tsininsu biyar-biyar, allon ya kwanta sumul. Tire na biyu ne ƙasansa ya ɗan yi ja, ina jin obin ɗin gas ɗina ya fi zafi ta ƙasa, zan ɗaga shi hawa ɗaya in ninka tiren. Malama, idan na yi rubutun ranar Alhamis da safe, zan iya sa su a leda ɗai-ɗai ranar Juma'a da dare, ko in bari sai safiyar Asabar ɗin walimar?