Dalilin da Tsohuwar Kwamfuta Ba Ta Nuna Dukkan RAM Ɗinta

Masu gyaran kwamfuta da suka tattauna matsalar kwamfutar da ba ta nuna dukkan RAM ɗinta, wato ma'adanar wucin gadi da take aiki da ita, sun yi ittifaƙi cewa galibi ba lalacewa ba ce. Tsarin 32-bit, irin Windows XP da aka saba da shi a da, ba ya iya lissafa fiye da gigabait 4, kuma daga ciki ake yanka wa katin hoto da sauran na'urori kasonsu, shi ya sa mai gigabait 4 yakan ga kusan 3.25 kawai.

Sun ba da shawarar a fara duba adadin da BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, ya nuna, a zare RAM a goge bakinsa a mayar, sannan a koma tsarin 64-bit, mai iya lissafa fiye da gigabait 4, idan injin zai ɗauka. Amma babban allon cikin kwamfuta (motherboard) mai ɗauke da haɗin Intel 945 ba ya sakin ragowar ko an canza tsarin, saboda haka kada mai shi ya ɓata kuɗinsa.