Wa ya taɓa soya jian dui a gida? Ku zo mu ji yadda kuka ƙare

Uwar Biyu: Slm 'yan uwa, dan Allah waɗanda suka taɓa yin jian dui, ƙwallon nan na 'yan China mai riɗi a jiki, ciki rami da ɗan jan wake mai zaƙi, ku ba mu labari. Maigida ya ci a Guangzhou tunda ya dawo ya ishe ni da zancensa.

Ɗan Kasuwa: Hhh Hajiya ki gaishe shi, ba laifinsa ba ne. Mutanen Guangdong, lardin da Guangzhou yake, sun fi yinsa lokacin sabuwar shekararsu, wai zagayensa da kalar zinarensa alamar arziki ce, in kika je arewacin China kuma matuan za ki ji ana ce masa. Ni dai in zan saya sai na tambayi abin ciki, don wasu da man alade suke haɗa waken.

Ɗaliba a Wuhan: Anti magana ɗaya ce, gari. Shinkafar tuwo ba ta yi, ƙawata ta niƙa ta gwada abu ya fito tauri ko motsi bai yi a mai ba. Ki nemi garin shinkafa mai danƙo a manyan kantuna, na Thailand mai hoton giwa, KOREN rubutu fa, mai jan rubutun garin shinkafa ne kawai. Ki narka suga a ruwan zafi ki kwaɓa da shi har ya daina kama hannu, in yana tsagewa ki ƙara ruwa kaɗan kaɗan.

Maman Yara: Ni wuta ce ta ba ni wahala wlh, na saka mai ya yi zafi irin na ƙosai, riɗin ya ƙone tun cikin bai dahu ba sai ɗaya ya fashe ya watso min mai a hannu. Ashe abin haƙuri yake so, wuta ƙasa ƙasa, ki zuba su man yana ɗan ƙananan kumfa, ki riƙa juyawa kar su kama gindin kasko, da sun taso sama sai ki dinga danna su da bayan matsami a jikin kaskon kina mirginawa, duk dannawa sai kiga sun ƙara kumbura, a nan ramin yake samuwa. Sai a ƙarshe ki ɗaga wutar su yi ja.

'Yar Zinder: Jan wakensu ba a samu a nan, dabino na daka da soyayyar gyaɗa na cusa, yara sun fi so ma. Riɗin ɗanye za ki sa, ki jiƙa ƙwallon da ruwa kafin ki mulmula shi ciki ki ɗan matse, in ba haka ba duk ya zube a mai.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai, yana kwana kuwa?

Maman Yara: Ina! Yana hucewa yake lotsawa, washegari sai tauri. Ki soya daidai bakin mutanen gida.