Maigidana ya dawo daga Iraƙi da asma: mu sa hannu ko mu dakata?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana ya yi aikin sojan Amurka a sansanin Balad da ke Iraƙi a 2007, kusa da ramin da ake ƙona shara dare da rana. Yanzu asma ta kama shi, alhali lafiya lau ya tafi. An ce dokar PACT, ta kula da tsofaffin sojojin da suka shaƙi irin wannan hayaƙi, wadda Biden ya sa wa hannu a Agustan 2022, ta shafe shi. Wani kamfani ya ce zai cike mana takardun neman diyya, amma sai mun sa hannu kafin Juma'a. Mu sa?

Na-Maraɗi: Wa'alaikumussalam. A dafa masa citta da kanumfari, a zuba zuma, safe da yamma. Allah ya ba shi lafiya.

Tsohon Saja: Ƙanwata, kada ki sa! Ni na sa, na ji jiki. A sansanin Bagram da ke Afganistan na yi nawa aikin sojan. Roba, batir, taya, sharar asibiti, duk a watsa musu man jirgi a cinna wuta, ka tashi da asuba majinarka baƙa wuluk. Da aka ƙara min kuɗin wata, sai kamfanin ya ce ƙarin wata biyar cif nasa ne. Ashe ciwon hancin nawa yana cikin jerin cututtukan da dokar ta ce ba sai ka kawo hujjar cewa hayaƙin ne ya jawo ba. Kullum waya, kullum barazanar kotu, har sai da uwargida ta sayar da sarƙarta.

Hajiya Bronx: Mu kashi 20 cikin ɗari lauyanmu ya karɓa, kuma ba mu yi nadama ba.

Abu Sadik: Hajiya, naku ɗaukaka ƙara ne. Buƙatar farko doka ta hana a caje ku. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW kyauta suke yi, kuma asmar da aka gano bayan aikin soja tana cikin jerin.

Tsohon Saja: Kai ka taɓa sa kaki?

Abu Sadik: A'a Yallaɓai, amma ni na raka yayana har aka biya shi, ko sisi bai kashe ba.

Ɗan Nima: Mu da muka shaƙi hayaƙin bolar Agbogbloshie a Accra tun muna yara, ina namu fom ɗin? 😂

Hajiya Bronx: Ɗan nan, ba wajen wasa ba ne.

Mai Tireloli: Ni abin da ke ci min rai, leburorin kwangila da suka riƙa tura sharar nan cikin wuta da hannunsu, dokar ba ta san da su ba, don ba sojoji ba ne. Maƙwabcina shekara uku yana wannan aiki. Yau ko matakala ba ya iya hawa.

Tsohon Saja: Wallahi sun fi mu kusa da wutar.

Maman Ilham: Allah ya saka musu. Amma Juma'a jibi ce. Abu Sadik, wace takarda yayanka ya fara kaiwa?

Na-Maraɗi: An gwada cittar kuwa?