Kaka ta shigo, ya kuke tsara gida da ofis?

Maman 'yan biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min, kaka ta shigo yara sun koma makaranta, rana kuma ta fara saurin faɗuwa, kafin in dawo daga aiki in ɗan miƙe ƙafa har duhu ya yi, gida kaca-kaca, teburin ofis ɗina ma kamar an juye kwandon takardu a kai. Duk shekara sai in sayi sabon littafin tsari, in yi sati biyu ina rubutu, daga nan ko inda na ajiye shi ban sani ba 😂

Anti: Wa'alaikumus salam. Ni dai dare ne ya cece ni. Jakar makaranta, takalmi, makulli, caja, komai yana bakin ƙofa kafin a kwanta. Ƙusoshi na kafa a bango, kowane yaro da tasa, wanda bai rataye jakarsa ba da safe shi da kansa zai nema. Tunda na fara na daina ihun safiya kan safa ƙafa ɗaya.

Malam: Hajiya ɓangaren ofis ki gwada Pomodoro. Wani ɗan Italiya Francesco Cirillo ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980, aiki ɗaya tak minti 25, hutu minti 5, in kin yi zagaye huɗu sai ki huta mai ɗan tsawo. Agogon kicin mai siffar tumatir ya yi amfani da shi, can sunan ya samo asali, don pomodoro tumatir ne da Italiyanci.

Maman 'yan biyu: Malam wa zai bar ni in yi minti 25? Oga ya kira, waya ta yi ƙara, wannan ya leƙo wancan ya leƙo.

Malam: To ki zaɓi awa ɗaya kawai da safe, ki kife wayar. Ba sai duk yini ba.

Yaya Babba: Ni gaskiya na gwada agogon nan bai karɓe ni ba, ina tsakiyar tunani sai ya katse ni. Takarda ɗaya nake rabawa gida huɗu, irin tsarin da ake jinginawa ga Eisenhower tsohon shugaban Amurka: mai muhimmanci kuma na gaggawa in yi yanzu, mai muhimmanci da ba gaggawa in sa masa rana, na gaggawa maras muhimmanci in miƙa wa wani, ragowar in soke. Wallahi ranar da na fara sai na ga rabin abin da ke cinye min yini gaggawar wasu ce ba tawa ba.

Anti: Af na manta, kayan sawa. Yanzu ne lokacin fito da na sanyi a gwada wa yara, don rigar bara da ƙyar ta shiga bana. Na zafi kuma a wanke su bushe ƙarau kafin a rufe, ni na taɓa tura su da ɗan danshi, da na buɗe duk sun yi fumfuna. Ki rubuta abin da ke ciki a jikin kowane kwali da maka.

Autan zaure: Masu aiki da mutanen waje ku kula da canjin agogo fa. Turai suna mayar da awa ɗaya baya ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Amurka kuma Lahadin farko ta Nuwamba. Bara na zauna gaban kwamfuta awa guda ina jiran mitin ni kaɗai kamar maraya 😭 yanzu Google Calendar nake sa komai, shi ke gyara lokacin.

Yaya Babba: Auta manhaja nawa ce a wayarka yanzu?

Autan zaure: Yaya bar tone-tone. Huɗu ne, ɗaya nake buɗewa.

Maman 'yan biyu: Jama'a na ga littafin bara, yana ƙasan durowa, rubutun ya tsaya tun tsakiyar Satumba.

Anti: Yage shafukan ki ci gaba da shi, kar ki kuskura ki sayi sabo. Ƙusa nawa za ki kafa?