Neman shawara: an ga ƙari a bayan ƙashin ƙirjin maigidana

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana ya haura shekara 50, ya daɗe yana fama da busasshen tari da nauyin ƙirji. Hoton CT ya nuna ƙari a bayan ƙashin ƙirjinsa, aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji, sakamako ya fito wai "taimoma, nau'in B2". Likita ɗaya ya ce mu kwantar da hankali, ɗayan ya ce a shirya tiyata. Don Allah kansa ce ko kuwa? Sannan da yamma fatar idonsa kan sauko, tauna ma tana gajiyar da shi, amma ya ce aiki ne ya yi masa yawa.

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. 'Yar uwa, maganar idon nan da kika ajiye a ƙarshe ita ya kamata likita ya fara ji, kuma kafin a sa ranar tiyata. Wajen kashi ɗaya cikin uku na masu taimoma, ko fiye, suna da wata cuta mai suna mayasteniya: sojojin jiki ne ke tare saƙon da jijiya ke aika wa tsoka. Mutum ya tashi garau da safe, yamma na yi ido ya faɗi, abu ɗaya ya zama biyu, haɗiya ta gagara. Akwai gwajin jini da ke gano ta. Idan aka shiga da shi ɗakin tiyata ba a sani ba, numfashi na iya yi masa wuya bayan aiki. In ya fara shaƙewa ko numfashi na yankewa, kada ki jira ranar ganin likita, ku wuce asibiti nan take.

Wani ɗan uwa mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje: Hajiya, likitocin nan biyu ba su saɓa wa juna ba. Taimoma ƙari ne da ke fitowa a taimos. Taimos wata 'yar halitta ce a bayan ƙashin ƙirji da ke horar da sojojin jini a yarinta, bayan balaga sai ta riƙa motsewa tana komawa kitse. Ƙarinta ba ya da yawa a duniya, shi ya sa wani likitan sai ya shekara bai ga ko ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa shi A, AB, B1, B2 da B3, sai kuma kansar taimos wadda ta fi su zafi. Yau duk taimoma ana lissafa ta cikin kansa, sai dai mai tafiyar hawainiya ce, kuma in an cire ta duka ba ta ɓarke kwansonta ba, galibi ana dacewa.

Abin da ni zan roƙa shi ne a bai wa wani ƙwararren ya sake duba naman. B1 da B2 cike suke da ƙananan ƙwayoyin farin jini, a ɗan guntun nama suna iya kama da limfoma, wato kansar ƙwayoyin farin jini, wadda ita kemo (maganin kansa) ake yi mata, ba wuƙa ba. Akwai rini na musamman da ke raba gardama. Neman haka ba raina likita ba ne.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To bayan tiyata shi ke nan?

Ɗan uwan ɗakin gwaji: Ya danganta da matakin da aka same ta. Ki tambaya ko ta taɓa huhu ko rigar zuciya, da kuma ko an cire ta tas. Daga nan ake yanke shawarar ƙara gashi da na'ura. Tana iya dawowa bayan shekaru, don haka ana bibiya da hoton CT har wajen shekara 10.

Wata uwa a zauren: 'Yata, maza ba sa son faɗin ciwo. Ki ɗauki hoton idon da safe, ki sake ɗauka da yamma, ki nuna wa likita da kanki. Allah ya sa kaffara ne.